Injin bin taurari na mazaunin EQ5: ya dace a saya a Damagaram?

Duniya tana kammala juyi ɗaya a kan taurari cikin awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4, wato sama tana gusawa digiri 15 kowace awa. Da ido ba a lura. Amma ka sa gilashin ido na milimita 10 a madubin hangen nesa mai tsawon haske milimita 1000, girman ya ninka sau 100, filin da kake gani kuma bai wuce rabin digiri ba. Duniyar Zuhal da ka ajiye a tsakiya zai kai baki cikin minti ɗaya. Aikin injin nan ke nan: ya riƙa juya mazaunin, wato abin da ake ɗora madubin a kai, a hankali daidai da tafiyar sama, abin da kake kallo ya tsaya cik.

Wanda ake magana a kai shi ne na kamfanin Sky-Watcher mai inji biyu, na mazauni samfurin EQ5. A cikin kwalin akwai injin sandar da ke bin sama daga gabas zuwa yamma, da na sandar kudu da arewa, da giyoyinsu masu haƙora, da akwatin hannu mai maɓallai huɗu, da jakar manyan batura huɗu irin na tocila, masu ba da bolt 6. Akwatin yana da gudu uku, ninki 2 da 4 da 8 na tafiyar sama, da wani makunni mai harafin N da S, na arewacin duniya da kudancinta. Mu nan N ne. In aka bar shi a S injin zai juya baya, tauraro ya tsere da gudu ninki biyu.

Ɗaurawa ba wuya. Ƙaramin notin da ke riƙe giya dole ya sauka a kan shafaffen gefen sandar, in ba haka ba inji na kuka giya na sulɓewa. Tsakanin haƙoran giyoyin biyu a bar sarari kamar kaurin takarda. In an matse, injin yana kakkarwa ya tsaya. In an saki da yawa, ka danna maɓalli sai ka jira kafin madubin ya motsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne daidaita mazaunin, wato saita sandarsa mai bin sama ta kalli wajen tauraron arewa, kuma a nan Damagaram ta bambanta da ƙasashen da aka ƙera kayan dominsu. Garin yana kan digiri 13.8 arewa, don haka sandar mazaunin za ta kalli arewa da ɗagowar digiri 13.8 kacal, kusan a kwance. Abu biyu ke biyo baya. Na farko, ƙarfen nauyin da ke daidaita rinjayen madubin yana rataye kusan tsaye, yakan bugi ƙafar da ke arewa. Maganinsa a ƙara bututun tsawo tsakanin ƙafafu da kan mazaunin, ko a mayar da ɗan turken da ke saman ƙafafun zuwa tsakanin ƙafa biyu in akwai ramin hakan. Wanda ya yi na biyun ya sa nauyi a ƙasa, don kayan na iya kifewa ta arewa. Na biyu, tauraron arewa yana ƙasa-ƙasa, katangar gida ko duwatsun Birni sun isa su tare shi, in hazon hunturu ya sauka kuwa ko a fili ba a ganinsa.

Sai a koma ga hanyar lura da zamewa. A fara da kamfas, nesa da ƙarfe, a sa ma'aunin ɗagowa da ke gefen mazaunin kusa da 14. A kunna inji, a kama tauraro da ya kai tsakiyar sama kusa da layin da ya raba ta biyu, kudu da arewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu taurari ukun nan da ke jere a ɗamarar rukunin taurarin da ake kira Orion sun dace sarai. In tauraron ya zame kudu, sandar ta yi gabas da yawa, in ya zame arewa ta yi yamma. A gyara da notocin gefe. Sannan a kama wani a ƙasan gabas: zamewa kudu na nufin sandar ta yi ƙasa, arewa kuma ta yi sama. Mai kallo da ido kawai ba ya buƙatar wannan wahalar duka, kusa-kusa ma ta wadatar. Mai ɗaukar hoto ne ba shi da mafita.

Wuta ita ce matsala ta biyu. Batura masu araha suna raguwa da wuri, kuma injin ba ya mutuwa gaba ɗaya, sai ya riƙa tsallake taku, mutum ya ɗauka daidaitawarsa ce ta lalace. Masu caji huɗu bolt 4.8 suke bayarwa, ba su kai ba. Batirin babur bolt 12 ne, haɗa shi kai tsaye ƙona akwatin ne. Mai gyaran rediyo a Kasuwar Dole zai iya haɗa maka abin rage wuta zuwa bolt 6, amma a auna ɓangaren ƙari da na ragi da mita kafin a soka.

Bin saman fa? Don kallo, ba laifi ko kaɗan. Duniyar Mushtari da manyan watanninta huɗu suna zama a fili, mutane goma su yi layi su leƙa ba wanda ya taɓa komai, kuma madubin ya daina rawar da hannu ke jawowa. Wata ne yake zamewa a hankali, domin shi yana da tasa tafiyar, kusan faɗinsa guda kowace awa. A ɗan bar nauyin ya rinjaya ta gabas don haƙoran su zauna a manne. Babbar giyar EQ5 tana da haƙora 144, sandar da ke tura ta kuwa tana zagaye ɗaya cikin kusan minti 10, kuma duk ɗan karkacewar da ke jikinta tana dawowa a kowane zagaye. A hoto mai dogon buɗewa ta cikin madubin, taurari za su fito da jela. Kyamara mai gajeren gilashi a kan mazaunin ta fi samun sa'a.

Kada kuma a zaci injin zai nemo maka tauraro. A ninki 8, juya digiri 90 sai ya ci minti 45. Ana sassauta makullan mazaunin ne a kai madubin da hannu, inji ya karɓa.

Ƙura na haɗuwa da giris ta zama kamar yashi a haƙora, kuma giyoyin a waje suke. A rufe da zane bayan aiki, a wanke da kananzir a sa sabon giris mara kauri bayan hunturu. Kada a bar batura a jakar da zafin Afrilu, suna yoyo.

Mai kallon wata da Zuhal da Mushtari ya sayi na inji ɗaya, ya ajiye sauran kuɗin ya ƙara gilashin ido mai kyau, domin sandar kudu da arewa ba ta bin komai, gyara kawai ake yi da ita, hannu ma ya isa. Na inji biyu na wanda ke ɗaukar hoton duniyoyi ne da girma mai yawa, inda taɓa madubin kaɗan ke ɓata hoto. Ba kayan da ake tararwa a shagunan gari ba ne, sai an yi saƙo daga waje, don haka a tabbatar da sunan mazaunin kafin a biya: na EQ3 ba ya hawa EQ5.