Robar cikin madigad: feshin gwangwani ko farin mai da ake sirkawa da ruwa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cikin biyun da ka tambaya don baƙanta robar da ke lulluɓe saman taya, wato feshin gwangwani mai sa sheƙi da farin man nan mai kama da madara, ɗauki farin. Kada ma ka tsaya dogon tunani.

Dalilin shi ne ƙura. Farin man da ruwa aka haɗa shi, idan ka shafa sai ruwan ya bushe ya bar robar baƙa wuluk, kuma babu danƙo. Motar da aka yi wa shi daidai, ko ta bi hanyar jar ƙasa a tsakiyar hunturu, ka sa yatsa ka shafa robar za ka ga ƙurar a sama kawai take, ruwa kaɗan ya ɗauke ta, baƙin yana nan a ƙasa. Ga shi da auki. CarPro PERL, misali, kashi 1 ake zuba wa kashi 3 na ruwa idan robar waje ce, ka ga kwalbar rabin lita ta ba ka lita 2. Meguiar's Hyper Dressing ma haka ake sirka shi, daga 1 da 1 idan kana son ƙyalli har zuwa kashi 4 na ruwa idan kamannin sabuwar roba kake so. Ni a cikin madigad na fi son mai ruwa da yawa, don wuri ne da ba a son ƙyalli. Aibinsa ɗaya, damina tana wanke shi da wuri, sai ka riƙa sabuntawa.

Na gwangwanin kuwa, to, ya fi jure ruwan sama kuma ba ya cin lokaci, iyakar abin da zan ce ke nan. Maiƙonsa ba ya bushewa, ƙura ta manne ta zama laka mai kauri, kuma iskar feshin tana kai shi kan faifan birki.

Amma fa ko wanne ka saya, wankin ne aikin. Mai a kan datti ɓarnar kuɗi ce. Bari birki ya huce tukuna, a inuwa. Madigad na gaba, murza sitiyari har ƙarshe ka samu hanyar hannu. Na baya sai ka ɗaga motar da jak, ka tokare ta da ƙarfen tokara kafin ka sa hannu ciki, kada ka dogara da jak kaɗai. Fara da ruwa zalla ka zubar da lakar da ta daskare, musamman a leɓen madigad da kusurwar ƙasa ta wajen ƙofa, inda laka ke taruwa ta riƙe danshi har ƙarfe ya fara tsatsa daga ciki. Idan injin feshi mai ƙarfi ne, ja baya kamar santimita 30, kuma kauce wa wayar ABS, wato ta na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki, da robar da ke rufe gaɓar shaf.

Sai maganin wanke maiƙo, irin na kowane aiki: kashi 1 cikin 10 na ruwa ga dattin yau da kullum, 1 cikin 4 idan an daɗe ba a taɓa wurin ba. Fesa, ka ba shi minti 3 zuwa 5, kada ka bari ya bushe a jiki don yana barin farin tabo. Goga da burushi mai doguwar mariƙa. Kumfar farko jawur za ta fito. Ɗauraye ka sake, har sai kumfar ta fito fara, a nan ne ka san ka iso jikin robar. Ɗigon kwalta ba ya jin sabulu. Ɗan kananzir a tsumma ya isa, ka goge wurin kaɗai sannan ka sake wanke shi.

Ka bari ta bushe sarai. Jiƙaƙƙiyar roba kullum baƙa take, sai ta bushe take nuna inda burushi bai kai ba. Daga nan ka rufe faifan birki da leda, ka zuba man a soso, ba a fesa kai tsaye ba, ka shafa siriri. Bayan kamar minti 15 ka bi da busasshen tsumma ka kwashe rarar, in ba haka ba taya za ta watsa shi a jikin ƙofa. Ka ba motar awa guda kafin ka hau titi, kuma kada ka manta da cire ledar.

Duba irin robarka ma. Wasu motocin, musamman a baya, abin da ke ciki kamar kafet yake, an yi shi don rage ƙarar tsakuwa. Wannan ba a shafa masa komai, ruwa da sabulu da burushi kawai. Kana ciki kuma ka taɓa kilif-kilif ɗin da ke riƙe ta. Ɗaya ya karye, robar ta sauko, taya ta cinye ta cikin ƴan kwanaki.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Farin man yana da sauƙin algus: a samu tsohuwar kwalba, a cika rabi da ruwa, a sayar maka a farashin cikakke. Duba hatimin murfi, kuma idan ya zubo tsararo kamar ruwan kunu tun ba ka sirka ba, ajiye musu. Akwai kuma wanda ake ƙullawa a gorar ruwa ba suna ba takarda, da wanda wasu masu wankin mota ke shafawa ba tare da sun gaya maka ba: baƙin mai da gas, ko man birki. Man birki yana cin fenti, baƙin mai kuma yana lalata robobin ƙafar mota. Gwajin ba wuya: ɗiga kaɗan a kofin ruwa ka kaɗa. Na gaskiya zai gauraye ya zama fari, baƙin mai da gas kuwa za su taso sama, amma man birki yana gauraya da ruwa, ba ya tasowa. Idan wankin kuɗi kake kai motar, tafi da kwalbarka ka tsaya a kai.