Sharhi: Yawon keken doki a gonakin Amish, kan hanyar zuwa Harrisburg

Duk mai tashi daga Philadelphia zuwa Harrisburg, a jihar Pennsylvania ta Amurka, da iyali, in dai ba sauri yake ba, shawarata ya bar babbar hanyar da ake biyan kuɗi, ya bi ta gundumar Lancaster, ya hau keken dokin da ake zagayawa da baƙi cikin gonakin Amish, wata al'ummar Kiristoci manoma masu riƙo da rayuwa irin ta dā. Kuɗin da muka biya bai tafi a banza ba, ko da yake akwai abin da ya ɓata min rai.

Hutun Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, shi ya fito da mu, wanda ke faɗowa Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba. Yayata da ke Harrisburg ta daɗe tana mitar cewa yaran sun manta fuskarta. Ran Laraba muka ɗauki hanya mai lamba 30, muka karkata zuwa 340 wadda ta ratsa ƙauyen Bird-in-Hand. Masu wannan sana'a ba ɗaya ba ne a bakin titin, muka tsaya wurin wanda muka fara gani.

Ainihin keken Amish na Lancaster ƙarami ne, mai rufi ruwan toka, da alama mai kusurwa uku ruwan lemo a baya don motoci su hango shi. Ba shi aka ba mu ba. Wani dogo mai benci biyu aka cusa mu tare da wasu baƙin, gwiwa na gogar gwiwa. Ashe ƙaramin sai ka nema tun wurin biya, kuma da ƙarin kuɗi. Babu wanda ya faɗa mana haka, sai da muka ga wasu sun wuce mu a ciki. Ga sanyi kuma. An ba mu barguna, amma iskar Nuwamba a fili ba ta san bargo ba. Uwargida dai hannunta bai fito daga aljihu ba har muka sauka.

Mai tuƙin ne ya fanshi tafiyar. Dattijo ne mai dogon gemu ba gashin baki, kamar yadda magidantansu ke yi, da baƙar malafa. Ba ya surutu sai an tambaye shi, in an tambaya kuma ba ya ɓoye-ɓoye. Dokin, in ji shi, tsohon ɗan tsere ne da aka sayo bayan ya bar fage, manyan dawakai da alfadarai su ake ɗaura wa garma. Ya nuna mana gefen kwaltar inda takalman dawaki suka ci har ya yi kwari. Da ya yi wa dokin magana kuwa ba da Turanci ya yi ba, da wani karin Jamusanci ne, harshen da suke yi a gida. Kakanninsu daga Suwizalan da kudancin Jamus suka zo a ƙarni na 18, bayan rabuwar ɗarika da Jakob Ammann, wanda daga sunansa aka samo Amish, ya jagoranta a 1693.

Muna cikin tafiya babbar 'yata ta taɓo ni: "Abba, gidajen nan babu wayar lantarki." Haka ne kuwa. Falwaya na bin titi, amma ba ta shiga gidan. Dattijon ya ce ba wuta suka ƙi ba, jonawa da layin kamfanin wuta ne ba sa so. Injin dizal ke sanyaya madarar da suke sayarwa, ana girki da gas, wasu ma har da faranti mai amfani da hasken rana a kan rufi. Wanki na rataye a doguwar igiya daga baranda har can saman rumbu, an jera shi daga babban wando zuwa ƙarami. Yara suka wuce mu a kan wasu kekuna marasa feda, suna tura su da ƙafa, daga makarantarsu mai ɗaki guda. A aji takwas karatun yake tsayawa, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince musu da hakan a 1972.

A wata gona muka tarar da kekuna jere da wata babbar amalanke cike da bencina, maza na saukewa, mata na kai-komo da tukwane. Biki ne gobe. Bayan girbi suke aurar da 'ya'yansu, galibi Talata ko Alhamis, kuma a gida ake yi, don ba su da ginin coci; ibadar Lahadi ma gida-gida take zagayawa, bencinan na bin ta. Aikin gayya sak.

Nan ne wani baƙo ya ɗaga waya zai ɗauki fuskokinsu. Dattijon ya ce a hankali, gona da doki a ɗauka, mutane a bar su. Ya kamata a ce tun a wurin biya ake jan kunnen kowa.

Akwai tsayawa a wani ɗan shago cikin gona, na kayan gasa da zuma da bargunan ɗinkin hannu. Ba a matsa mana mu saya ba. Sai dai Musulmi ya tambaya kafin ya kai baki, don ana sa kitsen alade a ɓawon wasu kayan gasan, naman alade kuma ya yi yawa a girkin yankin. Yarinyar shagon ta faɗa mana gaskiya, muka tsaya a kan zuma da cuku, tsarabar Yaya ke nan. A riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina ke karɓar kati ba.

Ran Lahadi shagunan Amish a rufe suke, kada a ɓata mai. A kuma je da wuri, don a ƙarshen Nuwamba rana na faɗuwa kafin biyar. Da magariba kekunan nan ba sa ganuwa sosai a kan titi, tafiyarsu kaɗan-kaɗan, kuma bayan kowane tudu kana iya cin karo da ɗaya. A rage gudu, a ba su fili, kada a danna hon kusa da doki. Daga nan zuwa Harrisburg ta hanya mai lamba 283 bai kai awa guda ba.