Kujerar gaba da kuɗin tsakiya: yadda ake farautar katin jirgi a nan Ingila

Yaya barka da war haka, ya kasuwa ya iyali, a gaida Hajiya da yara. Na ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin hoton nan nawa na cikin jirgi ina zaune a kujerar gaba wai ashe ƙaninka ya zama attajiri ba labari, toh wallahi ba haka ba ne, albashin dai shi ne wanda ka sani, haya da kuɗin gas sun cinye rabinsa kafin ya shigo hannu. Tunda ba kai kaɗai ka tambaya ba bari in yi bayanin a nan kowa ya gani.

Abu na farko da ya ɗaure min kai da na zo ƙasar nan shi ne kujerar jirgi ba ta da farashi ɗaya. A tashar Unguwa Uku in ka ce Kaduna za ka, kuɗin mota ɗaya ne ga kowa, in gidan gaba kake so ka ƙara wani abu shi kenan, kuma wanda zai wuce Abuja dole ya fi ka biya. A nan kuwa sai ka ga wanda ya fi ka nisan tafiya ya biya ƙasa da kai. Mutum biyu a jirgi ɗaya daga Landan zuwa Amurka, dukkansu a bizines wato kujerun gaba, abinci ɗaya bargo ɗaya, amma wanda ya faro tafiyarsa daga Dublin ko Oslo ko Budapest ya zo Landan ya canza jirgi, shi ne mai tikitin arha, bambancin kuma ba na wasa ba ne, ɗaruruwan fam ne wani lokacin ma ya haura haka. Dalili biyu ne. Na ɗaya kamfani ya san mutumin Landan zai biya don ya tashi kai tsaye, shi kuwa na Oslo yana da zaɓi da yawa dole a lallaɓa shi da sauƙi. Na biyu haraji, gwamnatin Birtaniya tana karɓar harajin tashi a kan kowane fasinja, a farashin da aka saka a watan Afrilun 2025 tafiya mai nisa irin ta Abuja fam 90 ne in a baya kake, in kuwa a gaba kake fam 216, kafin ma a zo maganar kuɗin kujera. Wanda ya ratso ta Landan kawai bai wuce awa 24 ba ba ya biya.

To wannan ne wasu Turawa suka mayar sana'a, ko in ce jaraba. Za ka ga mutum da aikinsa da iyalinsa ya sayi tikitin jirgi mai arha ya tafi Oslo ranar Juma'a da yamma ya kwana a otal ɗin bakin filin jirgi, gari na wayewa ya hau jirgin da zai dawo da shi Landan ɗin da ya baro jiya sannan ya wuce inda za shi. Ba zai iya tsallake zangon farko ya jira jirgin a gida ba, don kana ƙin hawa zango ɗaya kwamfuta za ta soke sauran tikitin gaba ɗaya, babu roƙo babu don Allah.

Kuma ba arhar kaɗai suke bi ba, kati suke nema. Kowane babban kamfani yana da tsarin da yake ƙirga maka maki in ka yi tafiya, in ka kai wani mataki a shekara a ba ka katin azurfa ko na zinare, da shi za ka shiga falon manyan baƙi ko da tikitin ikonomi ne a hannunka, ka bi gajeren layi wajen awon kaya, ka riga mutane shiga jirgi, a ƙara maka kilo. A tsohon tsarin British Airways maki 600 ne azurfa, 1,500 zinare, kuma duk zangon bizines da ya wuce mil 2,000 aƙalla maki 140 ne ko nawa ka biya. Ka ga inda dabarar take, maimakon ka tashi kai tsaye ka samu 280 zuwa da dawowa, sai ka bi Qatar Airways ta Doha tafiyar ta rabu huɗu ka kwashi 560 a tikiti ɗaya, ƙaramar tafiya ɗaya biyu a jirgin British Airways ɗin ta cike maka. Akwai wani abokin aikina Bature da ya taɓa nuna min takardar lissafinsa a waya, ya raba kuɗin kowane tikiti da makin da zai samu, fam nawa ke sayen maki ɗaya, yana min bayani idonsa na ƙyalli kamar mai ba da labarin haihuwa, garin da za shi ma bai dame shi ba, ya ce in ya sauka kofi kawai zai sha ya juyo.

Sai kamfanin British Airways ya yi musu kwaf ɗaya. A ƙarshen Disambar 2024 suka sanar cewa daga 1 ga Afrilun 2025 ba nisa za a riƙa dubawa ba, kuɗin da ka kashe za a duba, fam ɗaya maki ɗaya, azurfa 7,500 zinare 20,000, harajin gwamnati kuma ba ya shiga lissafi. Fam dubu ashirin fa Yaya, ka buga shi a naira ka gani. Ni dai ban ga laifinsu ba, falo ya cika da masu wayo wanda ya biya cikakken kuɗi ya rasa wurin zama, amma an sha kuka a intanet kamar an yi rasuwa, wasu suka kwashe tafiyarsu suka koma tara maki a Qatar ko Finnair ko Iberia tunda duk ƙungiya ɗaya ce ta oneworld kuma katin wannan yana aiki a falon wancan.

Yanzu bari in zo kan namu, don abin da ya dace da Bature ba lallai ya dace da mai koren fasfo ba. Shi yana tashi ya tafi Oslo kamar za shi Zariya, ni kuwa kafin in taka ƙasar sai na nemi bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, yuro 90 ban da kuɗin masu karɓar takardu da wahalar samun ranar ganawa. Dublin ma da take nan kusa, izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da ɗan Najeriya Ayilan, bizarta daban. Sannan akwai maganar kaya. Masu wannan harka da 'yar jaka ɗaya suke yawo, in sun dawo Landan sai su fice abinsu su bar zangon ƙarshe na komawa Oslo, mu kuwa da muke dawowa da kilishi da yaji da kuka da ɗinkunan sallah, akwatinka inda tikiti ya ƙare can za a kai shi, kana Landan kayanka na Norway. Kuma in ƙaramin jirgin da zai kai ka wurin farawa ya makara ka rasa babban, asararka ce kai kaɗai tunda tikiti biyu ne daban, shi ya sa suke kwana a can.

Saboda haka ni na ajiye wancan lissafin na kama wanda zai amfane ni. Mutumin Kano in yana son kati ya dubi Star Alliance, don Ethiopian da EgyptAir duk 'yan ƙungiyar ne kuma suna sauka a filin Malam Aminu Kano, Turkish ma a ciki take tana zuwa Abuja da Legas. A tsarin Turkish mil 40,000 cikin wata goma sha biyu yake ba ka matakin da ake lissafawa zinare a duk ƙungiyar, katin kuma shekara biyu yake yi. Bizines ta Alƙahira ko Adis Ababa ko Istanbul sau da yawa ta fi ta kai tsaye sauƙi nesa ba kusa ba, ga shi nisan ya ƙaru milolin sun ƙaru. Hoton da ka gani irin wannan ne, na yi ta leƙa Google Flights ina matsar da rana gaba da baya, na kauce wa Disamba da hutun makaranta na Agusta, har na dace da ranar da ratar ikonomi da bizines ta matse, da na haɗa da kuɗin ƙarin akwatin da dama zan biya sai na ga abin bai fi ƙarfina ba.

Don gaskiyar magana a wurinmu kilo shi ne katin. Mai zinare a Star ana ƙara masa akwati ɗaya ko kilo 20 a yawancin tikiti, kai da kake zuwa Gwanzu da Alƙahira saro kaya ka fi ni sanin nawa ake caji a kan akwati ɗaya na ƙari. Falon kuwa daɗinsa ya danganta, wasu ba komai a ciki sai biskit da kwalaben giya da ba ruwanmu da su, amma na Turkish a Istanbul kam sai wanda ya gani, ga mai gasa nama a gabanka ga mai murza ƙullu yana jefawa a tanda, shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, wurin wanka da tawul mai tsafta, ga masallaci ka rama sallolinka a natse ba a lungun ƙofar shiga jirgi mutane na tsallake ka ba. In kana da jiran awa bakwai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a kula, ba kowace bizines ce bizines ba. Kowane tikiti yana da harafi, J ko C ko D ko Z ko P da sauransu, harafin ne yake nuna mil nawa za a rubuta maka, akwai mai arhar da za ka zauna a gaba ka ci ka sha amma abin da zai shiga asusunka kaɗan ne ko babu, musamman in a wani kamfani kake tarawa ba wanda ka hau ba. Qatar ma suna da bizines mafi arha da ba ta haɗa da shiga falo ba. Wani lokacin kuma kuskure ake yi a saka farashin banza, kamar na Cathay Pacific a sabuwar shekarar 2019 da suka sayar da kujerun gaba daga Biyetnam zuwa Amurka a kan dala ɗari shida da wani abu kuma suka haƙura suka ɗauki mutanen, amma ba kullum ake kwana a gado ba, wasu kamfanonin sokewa suke su mayar maka da kuɗinka.

Wani abin da yake burge ni a nan ba kujerar ba ce, dokar ce. In jirgin da ya tashi daga nan ya isar da kai a makare sosai kuma laifin kamfani ne, a doguwar tafiya diyya tana kaiwa fam 520, fom za ka cike a intanet ba sai ka san kowa ba. Ka tuna zuwana na ƙarshe da muka wuni a filin jirgi muna jiran na Legas, tun hantsi har bayan isha'i ba wanda ya fito ya ce mana ko sannu, ruwa ma da kuɗinmu muka saya. Farashi kuwa na gida ma ya ɗan sauko, lokacin da kuɗin kamfanonin waje sama da dala miliyan 800 suka maƙale a Najeriya a 2023 sun rufe mana duk haruffa masu arha sai masu tsada kawai ake gani, bayan an biya su kuma Air Peace ta fara Legas zuwa filin jirgin Gatwick na Landan a ƙarshen Maris 2024 sai kowa ya shiga taitayinsa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne 'yan kasuwarmu na Kwari da Wambai sun fi wancan Baturen yawo a sama, shekara da shekaru, amma ejan ne yake yankar musu tikiti ba ya saka lambar komai, yau wannan kamfani gobe wancan, milolin duk sun bi iska. Buɗe asusun nan kyauta ne, minti biyar a waya. Ka zaɓi ɗaya tak ka riƙa ba ejan lambar duk lokacin da zai yanka maka, ka ce ya gaya maka harafin tikitin kafin ka biya, kuma kada ka yar da katin shiga jirgi har sai ka ga milolin sun shigo don da shi ake bin bashi in ba su shiga ba. Sunan da ke asusun dole ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi. Ka turo min hoton shafin fasfonka ta WhatsApp da tikitocin da ka hau a 'yan watannin nan, ranar Asabar ba ni da aiki sai in buɗe maka in duba ko akwai waɗanda za a iya karɓowa.