Taurarin manhaja ba su san ɗanɗanon gahawa ba

Da na koma sabuwar unguwa, abin da na fara nema bayan sauke kaya shi ne inda zan riƙa shan gahawar safe. Manyan kamfanonin nan masu rassa a kowane titi ba su nake nufi ba. Duk reshen da ka shiga ɗanɗanon ɗaya ne, abin da ya sa ake son su ke nan, ni kuma shi ya gundure ni. Ƙaramin shago nake so, wanda mai shi da kansa yake tsaye bayan kanta.

Sai na dogara da manhajar taswira ta waya. Sati shida ina bin taurarinta, wato makin da masu saye ke ba shaguna, na shiga shago bakwai. Wajen nuna hanya da lokacin buɗewa, ba ni da ta cewa. Amma taurarin nan ba gahawa suke aunawa ba. Wannan ya yaba kujeru, wancan ya yaba intanet kyauta da wurin caji, wata kuma hasken ɗakin ne ya yi mata kyau a hoto. Shagon da ya fi kowanne taurari shi ya ba ni finjali mafi muni: ɗaci kamar maɗaci, ga ƙauri, an kuma tafasa madarar har zaƙinta ya mutu. Madarar gahawa ba ta son wuce digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Celsius, amma wannan sai da na jira minti goma kafin harshena ya yarda.

Daga nan na sauya dabara. Ina shiga, injin niƙa nake fara dubawa. In ba a gabanka ake niƙa ƙwayar ba, ƙamshin ya riga ka fita, don garin gahawa ba ya jimawa yake salancewa. Sai in ɗauki ledar da suke sayarwa in nemi ranar suya. Ranar lalacewa ba ta gaya maka komai, tana iya kaiwa shekara. Ranar da aka soya ita ce magana, kuma 'yan makonnin farko ne ganiyarta. Leda mai kyau takan faɗi ƙasar da aka noma ta, Habasha ko Kolombiya ko Brazil, wani lokaci har da yanki da gona. Wadda aka rubuta "gauraye na musamman" kawai, sau da yawa akwai nau'in gahawar da ake kira robusta a ciki. Robusta ba laifi ba ce, sinadarin kafin mai hana barci da ke cikinta ya kusa ninka na ɗaya nau'in, wato arabika, sai dai ta fi ɗaci, kuma ya kamata a faɗa wa mai saye.

Gwajin ƙarshe shi ne esfireso zalla, wato 'yar gahawa mai kauri da inji ke tatsowa, ba madara ba sukari, don babu inda aibi zai ɓuya.

Shagon da ya ci wannan gwaji ba manhaja ce ta kai ni ba. Wani matashi mai haɗa gahawa a shago na biyar na tambaya inda yake sha ranar hutunsa. Ya yi dariya, ya waiga ko maigidansa na kusa, sannan ya kwatanta mini wani lungu. Tebur huɗu ne kacal a wurin, sharhinsa a manhaja bai kai yatsun hannu biyu ba. Na ga mai shagon ya ɗora gari a sikeli, giram 18, ya tsayar da injin da ruwan ya kai giram 36, cikin daƙiƙa talatin ko ƙasa kaɗan. Na farko bai gamsar da shi ba, ya zubar, ya ɗan murɗa injin niƙa ya sake. Ban taɓa jin daɗin ɓata mini lokaci irin na ranar ba.

Kurɓar farko na yamutsa fuska, don akwai tsami-tsami. Na ce, "Malam, anya ba ta lalace ba?" Ya ce 'yar Habasha ce, suyarta ba ta yi duhu ba, in bari ta ɗan huce. Da ta huce sai ga ƙamshin lemo da fure. Ashe shekara da shekaru ƙauri nake sha ina kiransa ƙarfi.

Wurin yana da nasa aibin. Da la'asar yake rufewa, kujerunsa na katako ne masu gajiyar da baya, in ka tarar da mutum uku a layi kuwa ka haƙura da sauri. Mai neman inda zai baje kwamfuta ya yini, ya bi taurari, za su kai shi daidai.

Manhajar har yanzu tana wayata, amma na daina karanta maki. Hotunan da baƙi suka ɗora nake buɗewa, in ƙara girmansu, ina leƙen bayan kanta ko zan hango sikeli kusa da injin.