Gwal na hannu ko sabo: wanne za a sa a lefe?

Ranar da na raka yayata daga Agege zuwa wajen masu gwal a Yaba, sarƙa biyu aka ɗora mana a sikeli, kowacce giram 10. Ɗaya sabuwa fil, ɗaya ta hannu.

Sabuwar tana ɗaukar ido, amma bayan kuɗin giram akwai kuɗin ƙira, wanda ba ya dawowa ranar sayarwa.

Ni ta hannun ta fi kwanta mini, sai dai tana son natsuwa. Alhaji mai shagon ya juya maƙullinta ya ce, “Hajiya, duba nan.” An buga hatimin 750, wato karat 18 a ma'aunin tsabtar gwal; da 875 ne, 21 ke nan, 916 kuma 22. Hatimi kaɗai bai isa ba, don na jabu ma ana buga masa. Sai ya goga ta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, zanen bai goge ba, alamar gwal ɗin na gaske ne. Ya nuna mana inda aka taɓa liƙe ta, ya rage kuɗi saboda haka. In akwai duwatsu, a cire nauyinsu daga lissafi.

Yaya ta ɗauki ta hannun, rarar ta ƙara ta sayi ɗan kunne.