Kwas ɗin Neuromatch daga Birnin Kebbi: ya biya kuɗin sabulu

Ga ɗalibin digiri na biyu ko na uku a fannin fiziyoloji, a ganina babu kwas ɗin intanet da ya kai na Neuromatch Academy amfani. An fara shi a 2020, lokacin da korona ta hana tarukan horarwa na ido da ido. Makonni uku ne a watan Yuli, kan nazarin ƙwaƙwalwa ta hanyar lissafi da kwamfuta. Na yi shi daga ɗakina a Birnin Kebbi, a tsakiyar damina.

Ana haɗa ka da 'yan ƙasashe daban-daban cikin ƙaramin rukuni, da mataimakin malami guda. Za ku kalli gajeren bidiyo, sannan ku buɗe Google Colab, shafin intanet da ake rubuta manhaja a kai, ku cike gurbin da aka bari a rubutun Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Nauyin lissafin ba a kan kwamfutarka yake ba, don haka tsohuwar laftof ma ta isa.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na ƙwayar jijiya guda ɗaya. A aji mun haddace cewa idan tana hutawa cajinta na kusan milibolt 70 ƙasa da sifili, mun haddace cewa Hodgkin da Huxley sun fitar da lissafinsu na yadda jijiya ke aika saƙon lantarki a 1952 har suka sami kyautar Nobel a 1963. Hadda kawai, a zuba a jarrabawa a manta. A nan kuwa da hannunka za ka gina samfurin da ya samo asali daga aikin Lapicque na 1907. Kamar randa ce mai yoyo: ana zuba ruwa yana tsiyayewa, in zubin ya fi yoyon ƙarfi ta cika ta tuntsire, a sake daga farko. Ka ƙara wutar da ke shiga, ka ga harbin ƙwayar, wato saƙon lantarkin da take fitarwa, ya yawaita a allonka. Ka saka ɗan hargitsi a cikin wutar, ka ga harbin ya daina zuwa a tsare, ya koma irin wanda ake gani a dabba mai rai. Ranar na gane abin da na daɗe ina koya wa ɗaliban da ke bayana.

Sashen lissafin Bayes, na gyara hasashe idan sabon bayani ya zo, da sashen koyo ta hanyar lada su ma sun yi kyau, amma sai wanda ya shirya. Masu kwas ɗin sun tanadi darussan share fage na Python da kalkulas da aljabara. Duk wanda ya tsallake su zai ji jiki tun makon farko.

Sai aikin rukuni, wanda shi ne ainihin ribar. Mun ɗauki bayanan Steinmetz da abokan aikinsa na 2019: ƙwayoyin jijiya kusan 30,000 daga sassa 42 na ƙwaƙwalwar ɓeraye, an naɗi harbinsu yayin da ɓeran ke juya ƙaramar taya don nuna gefen da hoto ya fi fitowa. Na'urar Neuropixels, siririn tsinken da ake sakawa a ƙwaƙwalwa don naɗar harbin ƙwayoyin, wadda aka yi aikin da ita ban taɓa ganinta da idona ba, amma ga bayanan a hannuna kyauta. Tambayarmu ita ce ko za a iya hasashen gefen da ɓera zai zaɓa kafin ya motsa. Mataimakin malaminmu bai bar mu mun taɓa lissafi ba sai da muka iya faɗin tambayar a jimla ɗaya, kuma wannan ya ci mana lokaci fiye da rubuta Python ɗin.

Wahalar daga gida take. Hadari na haɗuwa sai sabis ya yi ƙasa, wuta kuma kun san halinta. Kiran bidiyo na awowi kullum yana lashe data, saboda haka a tanadi layi biyu da sola ko babban batir. Ana rage kuɗin shiga gwargwadon ƙasar da mutum yake, darussan kansu kuma suna nan a buɗe ga kowa duk shekara. Wanda ke Aliero ko Gusau zai iya gwada na makon farko shi kaɗai kafin ya nema. In ya ga zai iya, ya nemi hutu a wurin aiki tukuna, don ba a haɗa kwas ɗin nan da duba takardun jarrabawa.