Sifanar awo: ta fitar da ni kunya a bol ɗin ƙasa, ta karya min sitod a but

Wata uku ke nan da na sayi wannan sifanar mai awon ƙarfin ɗauri, irin wadda take yin "ƙas" idan noti ya kai adadin da ka saita mata. Bakinta rabin inci ne, awonta daga 28 zuwa 210 Nm (Newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri). Aiki ɗaya ya sa na saye ta: canza shoka biyu na baya a Mazda MX-5 ɗina, ƙirar farko. Motar ba ta da nauyi, kusan tan ɗaya ce, shi ya sa duk abin da ya yi sako-sako a baya sai ka ji shi a kujera.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Bol ɗin ƙasa na shoka, littafin gyaran motar ya ce a ɗaure shi tsakanin 73 da 93 Nm. Na saita 85, na sa soket mai lamba 17, na ja a hankali. Ƙas! Har a tafin hannuna na ji. Na tsaya ina kallon notin, don da hannuna ne kawai, wallahi da sai na ƙara masa ja biyu ko uku. Ashe shekara da shekaru ina wuce gona da iri ban sani ba.

Kuma ban ɗaure shi motar tana rataye ba. Sai da na sa jak a ƙarƙashin hannun taya, na ɗaga har nauyin motar ya hau sifirin kamar tana tsaye a ƙasa. Idan ka ƙulle bushin na roba taya tana lilo a sama, da ka sauke motar robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe har ta yage. Tsofaffin da na cire haka na same su, a tsattsage.

A but ne abin ya lalace. Notuna biyu ne a saman kowace shoka, masu lamba 14, kuma 29 zuwa 36 Nm kawai suke so. Na dama ya ɗauru lafiya, ko da yake ƙarar da ta yi sai da na kasa kunne. Na hagu yana can lungu, bayan bututun zuba fetur, sai ka cire murfin ƙarfe kafin hannu ya shiga. Ina durƙushe, rabin jikina a cikin but, fitila a baki, na saita 33 na fara ja. Ina jiran ƙas, ina ja. Ina jira, ina ja. Sai kawai hannun sifanar ya tafi sakayau, notin ya faɗo da guntun sitod a cikinsa, wato ƙarfen da notin ke hawa kansa. Na daɗe ina juya shi a hannu, raina a ɓace.

Ban wanke kaina ba. Sitod ɗin tsoho ne, ya yi tsatsa, kuma na fesa masa man kwance noti ban goge ba. Adadin da ke littafi na busasshen zare ne. Idan da maiƙo, ƙarfin nan ɗaya yakan ja ƙarfen fiye da yadda aka tsara. Amma kaso mafi tsoka na laifin, na sifanar ne. Irin waɗannan sifanu an fi amincewa da awonsu daga kashi 20 cikin ɗari na iyakarsu zuwa sama, wato daga 42 Nm a wannan. To me ya sa aka buga 28 ɓaro-ɓaro a kwali, takardar ciki kuma ba ta ce uffan ba? A can ƙasan awo ƙararta ba ta wuce ɗan motsi ba, ga hannu dogo wanda ba ya barin ka ji ƙaramin noti yana neman agaji.

Sai da na sake sauke shokar gaba ɗaya, na matse sifirin, na jira sabon mazaunin sama, wato abin da sitod ɗin ke jikinsa, ya iso. Aikin yini guda ya ci min mako. A lokacin ne ma na lura da wani abin haushin: lambobin ft-lb, ɗaya ma'aunin da ke jikinta, an zana su raɗau, na Nm kuwa sai ka karkata ta wajen haske kafin ka karanta. Wanda ya saita 85 a gefen da ba shi ba, ya ɗaura kusan 115 Nm ke nan.

Da a ranar farko aka tambaye ni, tauraro biyar zan ba ta. Yanzu uku, kuma da ƙyar. Ga notin taya da manyan bol-bol na ƙasa tana yi, ina mayar da ita ƙaramin awo bayan kowane aiki don kada sifirin cikinta ya gaji, ba na kuma kwance noti da ita. Notunan sama kuwa na samo musu ƙarama mai bakin inci 3/8, da ita na ɗaure sabon mazaunin, ƙararta ta fito sarai a 33. Guntun sitod ɗin yana nan cikin akwatin babbar.